Jan Fegin Anti Noelene

Duk ranar da guguwa ta lafa a garinmu, kafin mu gama tsinto kwanon rufinmu daga gidajen maƙwabta, Anti Noelene Pratley ta riga ta sauka bakin teku. Ga malfa, ga igiyar awo, ga buhun jajayen fegi a kafaɗa. Aikinta ta auna abin da ruwa ya cinye daga tudun yashin da ke tsakaninmu da teku. Inda ta kafa jan fegi, zama ya ƙare a wurin.

Matar nan ba ta da kara ko kaɗan. Ta kafa wa fasto a lambunsa, ta kafa wa mai sayar da soyayyen kifi. Ni ma ta kafa wa akurkin kajina, na kwashe su, na daɗe ban gaishe ta ba. Guguwar da ta biyo baya ta share wurin tas, kajin kuwa suna nan suna yi mini ƙwai.

Bana awo ya kai ta har ƙofar kicin ɗinta, inda mijinta Clarrie ke zaune yana shan shayi.

Ta ce, "Maigida, ɗaga ƙafa."

Ya ce, "Haba Noelene! Gidanmu ne fa, nan muka raini yaran nan. Matsa da shi can kaɗan mana, wa zai sani?"

"Teku zai sani. Ɗaga."

"Wai ni kike aure ko tekun?"

"Shi dai bai taɓa cewa in yi ƙarya ba."

Ya ɗaga. Maƙwabta sun ga tana buga fegin hawaye na zuba, ta ce wai yashi ne ya faɗa mata a ido. Washegari muka taya su kwashe kaya zuwa kan dutse, Clarrie na rungume da butar shayinsa yana ta mita.

Anti Noelene, yanzu ciwon gwiwa ya sa kin ajiye igiya. Ke ce uwar tudu, mai hana mu barci inda ruwa ke nema. Mun zage ki, mun ji haushinki, kuma wallahi muna ƙaunarki. Mun gode. Duk wanda zai gaji buhun nan, ya auna gidansa da igiyar da ya auna na mutane.

Watan jiya kicin ɗin ya rufta cikin teku. Ba kowa a ciki.