Jirgin Maigida da Sitacin Rogo

Wata takwas maigidana ya yi bai taka bakin ƙofar gidanmu ba. Direban kamiyo ne a da, babbar motar kaya, yana ɗauko kaya daga Kamaru yana saukewa a Kasuwar Kilomita Biyar a nan Bangui, har ranar da motar ta kife da shi a wani gangare cikin damina. A asibiti aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ciwon ya warke sarai, aka ba shi sanduna biyu, ya kuma iya su, yana zagaya tsakar gida ba tare da an riƙe shi ba. Amma fita waje, ko kusa. Har sallar Juma'a a Masallacin Koudoukou, da ke nan bayanmu kaɗan, ya daina zuwa. Wai shi ba zai iya jure "sannu" ɗin 'yan kasuwa ba, irin wadda ake ja ana karyar da wuya ana satar kallon ƙafa.

Ni kuwa ba mai haƙuri ba ce, duk unguwa ta shaida. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi gaba da shi kwana uku, na aika aka kira dattawa suka yi masa nasiha. Ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya koma kan tabarmarsa. Abin yana cin raina ƙwarai. Mutumin da na aura sarkin surutu ne da dariya, yanzu ga shi kullum a gindin mangwaro yana kallon kaji.

Yana da wani aboki mai gyaran rediyo, mutumin bakin kogi, mai magana rabi Hausa rabi Sango, yaren garin, wanda bai daina zuwa ba ko da sauran suka gaji. Shekarun ƙarshe ne na mulkin Faransa, wasu Turawa sun fara haɗa kaya, ana gwanjon abin da ba za su ɗauka ba. A irin wannan gwanjo ya samo wani dogon kwali da hoton jirgin sama a jiki, ya shigo da shi wata rana da hantsi yana haki.

"Bara ala, Mama," ya gaishe ni da Sango, sannan ya juya wajen maigida. "Ita, ɗan'uwana, ka taimake ni. Wannan jirgi ne, ana haɗa shi, yana tashi da gaske, kana ƙasa kana tuƙa shi da rediyo. Ni waya na sani. Katako da inji, hannuna bai iya ba."

Ƙarya yake yi, don na ga akwatin rediyon da ya sassaƙa da hannunsa, amma ban tona shi ba. Maigida ya leƙa kwalin, ya taɓe baki, ya ce a kai wa yara. Abokin ya yi kamar bai ji ba, ya sha ruwa, ya tafi ya bar kwalin a nan.

Kwana uku kwalin yana jingine da bango. Rana ta huɗu na nemi faifan katakon da nake murza fulawa a kai na rasa, sai ga shi a gaban maigida, ya shimfiɗa wata babbar takarda mai zane a kai, ya kafe ta da fil ɗina na ɗinki. Ya ɗauke rezata, ya ɗauke ƙaramin almakashina. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda ya sunkuya yana auna wani siririn katako, harshe a gefen baki, kamar yadda yake yi in yana gyaran inji. Na koma madafa na murza fulawata a bayan tire.

Katakon nan ban taɓa ganin irinsa ba. Fari ne, ya fi karan dawa rashin nauyi, farce ma yana shiga jikinsa. Sai a yanko shi ƙanana-ƙanana bisa zanen, a jera, a ɗiga gam, a kafe da fil, a jira ya bushe. Littafin bayanin da Faransanci yake, abokin ne ke zuwa da la'asar yana karantawa yana in-ina, maigida kuma yana gyara masa da ilimin mota. A wurinsa gaban jirgin "kai" ne, tsakiyarsa "bodi", ɗan abin da ke motsi a jela kuwa "sitiyari". In abokin ya yi gaggawa sai ya buge masa hannu ya ce, "Yeke yeke, a hankali, malam, ba kayan gwari muke lodi ba."

Watannin nan na ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba. Ina zaune ina ɗinkin hula, yana gefe yana goge katako, warin gam ya cika gida har ya shiga miya. Lokaci-lokaci ya ce, "Ke, zo riƙe mini nan, kada ki motsa." In riƙe haƙarƙarin fiffike da yatsu biyu, hannuna ya sage, shi kuwa yana ba ni labarin garuruwan hanya da bai taɓa ba ni ba a shekara tara na aure. Surutunsa ya dawo, cin abincinsa ya dawo. Sai dai ƙofa tana nan yadda take, in an yi sallama ni ce mai zuwa.

Da ƙashin jirgin ya kammala, fiffikensa ya fi tsawon hannuwana biyu a buɗe. Saura a yi masa sutura. Nan muka tarar takardar da aka sa a kwalin don rufe shi ta sha danshi, ta manne da juna ta yi baƙi, gwangwanin ruwan da ake shafa mata don ta ɗame kuma ya daskare ya zama dutse. Ni kuwa 'yar masu sayar da yadi ce, in ana maganar sutura ba a bar ni a baya ba. Na buɗe akwatina na fito da wani gyale na siliki, shara-shara, ruwan ƙwai, na ce a yanka. Muka manna shi a jikin katakon, ya zauna, amma ya yi laƙwas.

"Da me za a ɗame shi?" in ji maigida.

Na ce, "Da me nake ɗame rigunanka? Kai dai zauna ka ga aiki."

A Bangui rogo ba ya yankewa a gida, da shi ake tuƙa gozo, tuwon da kowa ke ci, shi ne kuma sitacinmu. Na dama shi da kauri, na tace, na shafa da gashin kaza, na shanya a rana. Kafin azahar yadin ya ɗame tamau, in ka ɗan ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara kamar ganga. Abokin da ya zo ya daɗe yana shafawa yana girgiza kai, ya ce Bature ma bai san wannan ba. Ranar baki har kunne na yini. Muka rataye jirgin a rumfa da igiya.

Aka kwana biyu ana ruwa, ba wanda ya leƙa rumfar. Safiya ta uku na je ɗauko tsintsiya, na ɗaga kai na dubi jirgin. Sitacin ya sha danshi ya saki, yadin ya zazzago, kyankyasai kuwa sun yi biki a kansa, sun cinye sitacin har da silikin, duk ya zama huji-huji. Ina taɓa igiyar suka watso ta ko'ina. Na zauna a kan turmi na fashe da kuka, rabi don gyalena, rabi don tsoro, saboda na san in ya yi fushi ya jefar da aikin nan, tabarmar gindin mangwaro za a koma.

Ya ɗingiso ya tsaya a kaina, ya dubi jirgin, ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har sanda ɗaya ta suɓuce, ya dafa ginshiƙin rumfa.

"Uwargida," ya ce, "ashe gozo kika tuƙa wa baƙi, ba ki sa musu miya ba?"

Na ce ya yi ta dariya, Allah ya sa ta ƙware shi. Daga baya abokin ya samo ruwan shafawar na gaske a wurin wani makanike da ke aiki a filin jirgi, ni kuma na ba da gyale na biyu, shuɗi, ina ƙunƙuni.

Injin jirgin bai fi babban yatsa biyu ba, amma ranar da aka tayar da shi a tsakar gida kajina sun haura katanga, maƙwabta suka leƙo suna salati. Abokin ya ɗaure rediyon da batir a cikin bodi. Wanda zai tuƙa kuma yana da akwati mai nauyi da doguwar eriya, da maɓalli guda a bakin waya. In ka danna sau ɗaya jela ta karkata dama, sau biyu ta karkata hagu. Maigida ya yi mako yana dannawa a zaune har ya ƙware. Aka sa ranar Lahadi da safe, a wani fili da ke gaba da unguwar Yakité.

Lahadin ta zo, abokin ya iso da wuri, ya ɗora jirgin a ka. Ina sa ran in ga maigida ya nemi hula, sai na ji ya ce, "Ita, ka je ka tashe shi. In ka dawo ka ba ni labari."

Abokin ya dube ni. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Wata uku, gyale biyu, fil ɗina duk sun lanƙwashe, a ƙare da labari? Na shiga ɗaki na yafa mayafi, na fito na sungumi akwatin maɓallin.

"Ina za ki da shi?"

"Tuƙi. Shi zai jefa, ni zan danna. Sau ɗaya hagu, sau biyu dama, ai na ji."

"Sau ɗaya dama! Ke, ajiye akwatin nan!"

Na ce, "Duk ɗaya ne, in ya je sama ya zaɓa." Na tura abokin gaba, muka fita, ban waiwaya ba. Akwatin yana cin hannuna. Mun kusa ƙarshen lungu na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayanmu, da muryarsa yana cewa in tsaya, wallahi zan karya masa eriya.

Hanyar sai ta bi ta gefen kasuwa. Mutane suka taso, masu yadi, mahauta, mata masu tallan ganyen rogo, kowa idonsa a kan shuɗin jirgin da ke kan abokin. Masu ce wa maigida sannu sun ce, ya amsa a gurguje, don hankalinsa yana kan masu miƙo hannu. "A ba da hanya! Kada wanda ya taɓa fiffike!" Haka ya yi ta faɗa da Hausa da Sango har muka isa, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf.

A filin ya jingina da kafaɗar wani mahauci, ya karɓi maɓallin. Abokin ya kaɗa farfela da yatsa, sau wajen goma kafin injin ya kama, ya ruga da gudu ya cilla jirgin. Ya yi ƙasa kamar zai ci ciyawa, na rufe ido. Da na buɗe yana sama da bishiyoyi. Maigida ya danna, jirgin ya juyo, jama'a suka ɗauki kabbara da ihu. Ya zagaya filin sau biyu da rabi, mai ya ƙare, ya sulalo shiru ya faɗa cikin gonar rogon wata mata, farfela ta karye. Matar ta fito tana masifa, maigida ya ba ta haƙuri yana dariya.

A hanyar dawowa wani dattijo ya tare shi, ya riƙe hannunsa, ya karyar da wuya ya ja masa irin sannun nan da yake gudu, yana kallon ƙafar. Maigida ya ce, "Yauwa, Baba, an gode Allah. Ka ga tashinsa kuwa, ko ka makara?" Dattijon ya ce ya makara, sai ya shiga ba shi labari da hannu.

Da muka kai bakin lungunmu, maza suna zaune a benci gaban shagon mai shayi, suka matsa suka ba shi wuri, kowa da tambayarsa. Ya zauna, ya jingine sandunan, ya ɗora jirgin a cinya.

"Ki shiga," ya ce da ni, "ina zuwa."

Na shiga ni kaɗai. Na dafa shinkafa da miyar kifi, na zuba masa, na rufe. Azahar ta yi, na ji muryoyinsu sun yi nisa sun nufi masallaci, tasa a ciki. La'asar ta yi bai shigo ba. Abincin ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa, ni kuwa ina zaune da ɗinkina, ko sau ɗaya ban aika a kira shi ba.