Sunan da Mushe Ya Laƙa wa Hassana

Ranar wata Talata a shekarar 1984, ana tsakiyar fari, Hassana ta yanke jiki ta faɗi a ajin Ingilishi. Ni da ita tagwaye ne, benci ɗaya muke zama a kolejin da ke kusa da gidanmu a unguwar Wadata. Lokacin nan jar dawar taimako muke ci, wadda innarmu ke samowa bayan ta wuni a layi, soja na kai da kawowa da bulala a hannu. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a rana. Hassana kuwa rabin tuwonta ƙannenmu take tura wa, da safe kuma ta cika randuna daga famfo kafin mu tafi lakwal, wato makaranta. Da ta faɗi, idanunta suka juye, ƙafafunta na ta karkarwa.

Malamin, wanda muke ce wa Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ko sunkuyawa bai yi ba. Alli ya ɗauka ya rubuta energumen a allo. Ya ce kalmar Ingilishi ce da aka aro daga harshen Girka, asalinta mutumin da wani abu ke aiki a cikinsa, wato mai aljannu. "Ga misali nan kwance," in ji shi, "ku maimaita." Aji ya maimaita har sau uku ana dariya, ni kuwa ina yi mata fifita da littafina. Na ce, "Mushe, yunwa ce fa." Ya ce in fita in durƙusa a rana.

Kafin Juma'a sunan ya koma "Anargume" a bakin yara. Aka daina yin gaɗa da ita, aka daina shan ruwa da moɗar da ta taɓa. Babanmu ya je wurin daraktan kolejin, ya dawo ya zauna kan keken ɗinkinsa, ya ce, "Zamanin soja ne, ku kama bakinku." Hassana ba ta ƙarasa shekarar a makaranta ba. Ta koma shagon Baba tana kafa maɓalli, ita da ta fi ni kai nesa ba kusa ba.

Bara na gamu da Mushe a bakin kasuwa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya gaishe ni, na kau da kai na wuce. Yanzu ni ce ke tsaye gaban allo, ɗalibaina suna da bakin da za su kai ƙara, abin da mu ba mu samu ba. Hassana ta ce ita tuni ta yafe masa. Ni har yau na kasa.