Sarkin Hausawan Vientiane

Cikin duk shekarun da na yi a teburin yankan tikiti a ofishinmu na Suleja, ranar da ba ta fita raina ita ce wata Juma'a da na yi wa mutum kwatancen hanya a garin da ban taɓa takawa ba, wanda ko sunansa ban iya faɗa daidai ba.

Ku da kuka zo bayanmu kun san aikinmu bai wuce Umara da Dubai da Guangzhou ba. Fasinja ya kawo fasfo, mu duba biza, mu kama masa kujera, mu buga takarda mu miƙa. To a wannan makon sai ga Hajiya Asabe, mai sayar da atamfa, daga Kurmin Sarki. Wani dillali ne ya tura ɗanta Nura aikin kwamfuta a ƙasar Laos, ashe damfarar mutane ta intanet ake tilasta musu a wani gida mai doguwar katanga can arewacin ƙasar. Allah ya sa aka sako shi da fasfonsa, amma ba waya, ba kuɗin kirki. Ya hau jirgin ƙasan da ke tasowa daga China ya sauka a Vientiane, babban birnin. Sai ya roƙi wayar wani a titi yake samun kiran uwarsa, kafin ya gama magana an karɓe.

Tikitin bai ba ni wahala ba: Vientiane zuwa Bangkok, zuwa Addis Ababa, zuwa Abuja, tashi Asabar da safe. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne wanda zai karɓi takardar ya buga masa, ya ba shi wurin kwana, ya kai shi filin jirgi. Ba mu da ofishin jakadanci a ƙasar, bizarsa kuma tana gab da ƙarewa. In jirgin nan ya tashi babu shi, magana ta koma hannun jami'an shige da fice.

Ranar Juma'a kafin mu buɗe ofis Hajiya tana bakin ƙofa.

"Ɗan nan, wai me ake ta wahala?" in ji ta. "Ka ce wa yaron ya tafi zango ya tambayi Sarkin Hausawa." Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

"Mama, babu zango a can."

"Akwai garin da babu zango? Mahaifina har Kumasi ya je fataucin goro, a zango yake sauka."

Na juyo mata da kwamfuta na nuna mata taswira, ni kaina ba gane ta nake yi ba. Rubutunsu duk a lanƙwashe kamar taliya. Ga kogin Mekong, tsallakensa wata ƙasa ce daban, Thailand. Oganmu Alhaji Bala kuwa ya sa tabarau yana karanto mana tarihi daga wayarsa: wai mutanen Siam, wato Thailand ta yanzu, sun taɓa ƙone birnin ƙurmus, Faransawa suka zo suka sake gina shi. Na so in ce masa yaro ne ya ɓace, ba jarrabawa za mu rubuta ba, amma shi ke biyana albashi.

Can sai ga kiran Nura. Na ce ya faɗa mini inda yake.

"Yaya, ina gindin wata babbar ƙofa a tsakiyar titi, kamar City Gate ta Abuja, amma ta fi ta girma."

Alhaji Bala ya yi tsalle ya ce Patuxai ke nan, da simintin da aka bayar don gina filin jirgi aka gina ta. Wannan karon tarihinsa ya yi rana, domin aƙalla mun san inda yaron yake.

Hajiya ta karɓe wayar. "To ba su salla a garin? Yau Juma'a, ka nemi masallaci, duk wani Musulmin garin yana can."

Duk muka ce wannan shawara ce. Alhaji Bala ya ƙara da cewa ya duba gini mai kan zinariya, irin na babban masallacin Abuja. Ni ma na gyaɗa kai, don a idonmu zinariya a saman gini masallaci ne.

Can bayan wani lokaci ya sake kira. Ya yi wa mutane alamar ibada da hannu, ya nuna musu launin zinariya, suka nuna masa hanya cikin fara'a. Ya sha tafiya har ya iso wani ƙaton gini mai tsini, zinariya tun daga ƙasa har sama. That Luang ne, wurin ibadar mabiya Buddha, masu ibadar da kawuna a aske sanye da mayafi ruwan lemo. Wayar ɗaya daga cikinsu ma ya ara.

"Ka yi sauri ka koma, kada Juma'a ta wuce ka," in ji Alhaji.

Nura ya ce, "Wace Juma'a, Oga? Nan fa la'asar ta yi sanyi."

Muka dubi agogon bango, muka dubi juna. Sun riga mu da awa shida. Tun kafin mu ba shi shawarar an idar da salla an watse. Nan Hajiya ta zauna a kan benci ta rufe fuska da gyale.

Na roƙi mai wayar da ɗan Turancin da muka haɗu a kai ya yi mana haƙuri. Na bi taswira lungu lungu har na gano wani ƙaramin masallaci kusa da wani dandali mai feshin ruwa, wajen kogi. Na ce wa Nura ya koma ƙofar nan, ya miƙe babban titin ya wuce kasuwa, in ya tarar da fadar shugaban ƙasa ya yi dama, ya samu magariba. Ina faɗa ina shakkar ko damata ce damarsa. Haka na tafi masallacin Juma'a, ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba.

Muna dawowa wata baƙuwar lamba ta kira ta bidiyo. Wani dattijo ne mai jan gemu, ɗan asalin Pakistan, Nura a gefensa yana cin shinkafa da hannu. Ya ce in turo takardar, shi zai kai shi filin jirgi da kansa. Hajiya ta leƙo. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata, sallama da alhamdu lillahi kawai suka yi ta maimaitawa. Sai ta hango bandir-bandir na yadi jere a bayansa har rufi.

"Ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa," ta ce, tana share hawaye. "Shi ke nan, ya isa zango."

Nura ya sauka Abuja ranar Lahadi. Tun daga nan ba na sallamar fasinja sai na tambaye shi wanda zai tarbe shi, kuma na rataye agogo na biyu a bangon nan da kuke gani. Tikiti daga filin jirgi zuwa filin jirgi yake kai mutum, sauran tafiyar a hannun mutane take. Hajiya kuwa har yau duk Salla sai ta zo da turmin atamfa, ta ce in nemi hanyar aika wa matar Sarkin Hausawa. Na daina yi mata gyara.