Shinkafar Bikin Sallama

Adijat ne sunanta, amma a kwalejinmu Iya Teni muke ce mata, saboda 'yarta ta fari, Teniola. Ita ke riƙe da ɗakin cin abincin ma'aikata tun kafin a ɗauke ni aiki a laburare. Dogon ɗaki ne a bayan ofishin rajistara, mai rufin kwano da teburan katako, da wata tsohuwar rediyo a kan firji wadda ba a kashe ta sai an tashi. Iyayenta mutanen Ogbomoso ne, amma a Jos aka haife ta, a nan ta girma, kuma in tana Hausa ba ka ganin fuskarta ba za ka ce Bayarbiya ce ba. Musulma ce. Mijinta, Mista Kolawole, Kirista ne, yana da shagon gyaran rediyo da talabijin a Tudun Wada inda suke zaune. A gidansu ana Sallah, ana Kirsimeti, kuma shekara da shekaru babu wanda ya ɗauki wannan abin magana.

Mutum biyu ne ƙashin bayan sana'arta. Akwai Ulonma, wata 'yar ƙabilar Ibo da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, wadda ta fara da wanke-wanke har ta kai ita ke haɗa miya idan Iya ta tafi kasuwa. Sai Malam Bappayo, Bafulatani mai cinikin dabbobi da ke zaune a Laranto. Duk lokacin da kwaleji ke da biki, ko yaye ɗalibai ko tarbar baƙi, shi ke kawo sa ko rago, ya zo da mahaucinsa.

Rikicin Satumban 2001 ne ya sauya komai. Da aka sake buɗe kwalejin, wasu ma'aikata ba su dawo ba, wasu sun dawo daga sababbin unguwanni, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Babu wanda ya ba da umarni, amma sai ga shi teburan da ke kusa da ƙofa sun zama na Musulmi, na wajen taga sun zama na Kirista. Ana gaisawa, ana tambayar iyali, amma da ka juya sai a bi ka da ido.

Iya Teni ita ce a tsakiya. Idan ta ɗauko tire ta nufi wajen taga, sai hira ta mutu har ta wuce. Idan ta koma wajen ƙofa, nan ma sai a sauya zance. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abincinta ba tambaya suka fara cewa, "Iya, wa ya yanka kazar nan?" ko "Man jan nan a wace kasuwa kika saye shi?" Akwai wanda ya gan ta a tashar bas tana cire hijabi tana ɗaura ɗankwali kafin ta shiga motar Tudun Wada. Kafin azahar washegari labarin ya zaga ofisoshi. Waɗannan suka ce ashe ta bar addini a ɓoye, waɗancan suka ce ashe shiga biyu take yi don ta ji sirrin kowa. Ni na tambaye ta, don muna ɗasawa. Ta ce, "Malam, gida nake son in isa lafiya. Shi ke nan."

A shekarar 2003 mataimakin rajistara, Oga Gyang, ya cika shekarun aiki. Mutum ne mai sauƙin kai, kowane ɓangare na ganin girmansa, don haka shugaban kwaleji ya ga dama ce ta haɗa kan ma'aikata. Ya ce a yi bikin sallama babba a filin taro, kowa ya zo, kuma abinci ɗaya za a ci. Don kada wani ya yi ƙorafi, a bayan kicin aka yanka san da Malam Bappayo ya kawo, ga wakilan Musulmi a tsaye, ga na Kirista, kowa ya harɗe hannu yana kallon wuƙar mahauci. Famfo bai kawo ruwa ba a makon, sai ofishin ayyuka ya yi hayar tankar ruwa ta cika musu tankin kicin. Iya ta dafa shinkafa dafa-duka da farfesun kayan ciki. Ulonma ta haɗa zoɓo cikin babban duro, ta yanka kabeji da karas na salak.

Bikin ya yi kyau. An yi jawabai, an ba Oga Gyang agogon bango da babbar riga, har aka ga mutanen ƙofa da na taga a kan benci ɗaya suna dariya.

Washegari da safe asibitin ma'aikata ya cika. Amai da gudawa, manya da ƙanana, wasu a kwance a baranda saboda gadaje ba su isa ba. Sista Anene, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da wurin, sai kai da kawowa take da ruwan gishiri da sukari. Shi kansa Oga Gyang, da yake dattijo ne, sai da aka wuce da shi babban asibiti. Ni ma na kwana biyu ban san inda kaina yake ba.

Ban san bakin da ya fara furta kalmar guba ba, amma da ta fito ba ta koma ba. Mutanen taga suka ce a duba san nan, wa ya san abin da aka ba shi kafin a kawo shi, kuma me ya sa Oga Gyang ne ya fi jin jiki? Mutanen ƙofa suka ce a duba zoɓo, don su ne suka fi shan sa, kuma kowa ya san hannun da ya haɗa shi. Kowane ɓangare ya rantse nasa ne suka fi yawa a kwance. Abu ɗaya kawai suka yarda da shi gaba ɗaya: Iya Teni da Ulonma garau suke.

Aka rufe ɗakin cin abinci, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mista Dantong, shugaban masu tsaron kwalejin. Iya ta ba ni labarin zaman da kanta daga baya.

"Madam, me ya sa ba ki ci abincin ba?" in ji Mista Dantong.

"Oga, azumi nake. Ramuwa ce."

"A ranar bikin kika ga damar yin ramuwa?"

"Ranar Alhamis ce, oga. Alhamis nake yi."

"To ita 'yar aikinki fa? Ita ma azumin take?"

"Mai girki ba ta iya cin abin da ta wuni tana shaƙar hayaƙinsa. Biredi ta ci."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaye ta ko akwai wani abu da ta gani wanda bai kwanta mata ba. Ta ce babu.

Amma akwai. Ranar bikin da safe ta hango Ulonma ta zaro wata 'yar kwalba daga jakarta, ta tsiyaya wani abu a duron zoɓo, ta mayar da kwalbar jaka. A lokacin ko a jikinta. Yanzu da take zaune a gida ba aiki, maƙwabta suna leƙenta, hoton nan ya ƙi barin idonta. Sai ta riƙa tuno wasu abubuwa. Ƙanen Ulonma ya rasa shagonsa a rikicin, an ƙone shi ƙurmus. Ulonma ba ta taɓa zancen ba, ko sau ɗaya. Da can Iya ta ɗauki wannan haƙuri ne. Yanzu sai ta fara tambayar kanta me ke ƙarƙashin shirun.

Mijinta ya ce ta rabu da wannan tunani, matar da ta yi mata jinya lokacin da ta haifi autarta ba za ta yi haka ba. Iya ta ce to. Amma zuciyarta ba ta tsaya a kan Ulonma kaɗai ba. Ta tuna Malam Bappayo bai yi ja-in-ja a cinikin san ba kamar yadda ya saba. Me ya sa? Ko dabbar ba ta da lafiya ne yake neman rabuwa da ita?

Ta shirya ta tafi Laranto. Ta same shi a ƙofar gida yana ba tumaki dusa. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya sa aka kawo mata nono, suka gaisa. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce, "Malam, san nan, daga ina ya fito?"

Ya ajiye kwanon dusar. "Daga garken yayana. Ni na zaɓo shi da hannuna."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Iya, 'yan sanda sun zo sun yi mini wannan tambayar a gaban 'ya'yana, ban ji komai ba, aikinsu ne. Yau kuma ke ce?" Ya ƙara da cewa, "Na sassauta ne don Oga Gyang. Shi ya tsaya wa ɗana har ya samu gurbin karatu. Hanta da huhu kuwa a gabanku aka ciro su, kowa ya gani."

Ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Da ta tashi tafiya sai ya kalli ƙwaryar nonon, ya ga ko taɓa ta ba ta yi ba. Ya raka ta bakin titi.

Bayan wasu makonni aka ba ta izinin sake buɗewa, kafin kwamiti ya gama aikinsa. Mutane kaɗan ne ke zuwa, yawanci kowa da kular abincinsa daga gida. Iya ta karɓe makullin sito daga hannun Ulonma, ta ce kwamiti ne ya ce a yi haka, alhali babu wanda ya ce. Ta hana ta shiga kicin da jaka. Idan Ulonma na juya miya, sai Iya ta sami dalilin tsayawa a bayanta. Ulonma tana gani, ba ta ce komai ba, wannan shirun kuma ya ƙara wa Iya zargi.

Ranar da abin ya fashe ina wurin, ni da wani direba, muna jiran tuwo. Ulonma ta haɗa zoɓo karo na farko tun bayan bikin. Ta ɗauko jug za ta sa a firji, sai Iya ta tsiyaya a kofi ta miƙa mata.

"Sha mu gani."

Ulonma ta dubi kofin, ta dubi Iya. "Mama, ni?"

"Ɗanɗanawa kawai na ce ki yi."

Ta karɓa ta shanye tas, ta ƙara wani ta shanye. Sannan ta fita baranda inda jakarta take, ta dawo da 'yar kwalbar, ta dangwara ta a kan tebur. Ruwan ƙamshin abarba ne, irin wanda ake sa wa zoɓo da kek.

"Wannan ne kina nema, ko? Na gan ki kina kallona ran nan. Ke kin ce in saya, tun Ista. Kin ce in ajiye a jaka, don in ya zauna a sito yana ɓacewa." Hausarta na karyewa. "Mutanen waje sun ce ni mai guba ne, ban damu ba. Yarana an kira su yaran mai guba a makaranta, na ce su yi shiru, Mama ta san ni. Ashe Mama ba ta san ni ba."

Ta kwance ƙyallen da ta ɗaura a ƙugu, ta ninke shi, ta ajiye kusa da kwalbar, ta fita. Iya ta bi ta har bakin ƙofa tana kiran sunanta. Ba ta waiwayo ba.

Ba a daɗe ba sakamakon gwajin da aka yi wa abinci da ruwan bikin ya fito. Sista Anene ce ta karanta shi a taron ma'aikata. Babu guba. Ruwan tankin ne. Direban tankar, da ya ga layi ya yi tsawo a inda ake ɗiban ruwa mai kyau, sai ya zarce wani tsohon kududdufin haƙar kuza ya ciko motarsa. Abin da aka dafa bai cutar da kowa ba. Salak da aka wanke da ruwan, da zoɓon da aka sirka da shi, su ne suka kwantar da mutane.

Na ɗauka shi ke nan magana ta ƙare, amma tun a bakin zauren na ji wani yana cewa an rufe gaskiya ne don kada a yi faɗa. Wani kuma ya ce to wa ya turo direban, ɗan wane ɓangare ne? Oga Gyang da ya warke ya zo takanas ya zauna a tsakiyar ɗakin ya ci shinkafa kowa na gani. Wasu suka dawo saboda shi. Wasu har suka bar aiki ba su sake sa cokali a abincin Iya ba.

Iya ta je unguwar Daɗin Kowa neman Ulonma. Ta same ta a bakin titi ta kafa kasko tana suyar ƙosai da doya. Ulonma ta ba ta kujera, ta tambayi Teniola da Baba, wato Mista Kolawole, ta naɗe mata ƙosai a takarda. Iya ta durƙusa yadda Yarbawa ke yi wa manya, duk da ta girme ta, ta roƙe ta ta dawo. Ulonma ta ɗago ta da sauri, ta ce ta yafe, Allah ya gani. Amma ta ce ba za ta iya sake girki ana tsaye a bayanta ba, ko da babu kowa a tsaye.

Iya Teni ta ci gaba da riƙe ɗakin, tana ɗaukar masu taimako suna tafiya, don ba ta iya barin kowa shi kaɗai da tukunya. Malam Bappayo ya ci gaba da kawo dabba idan an nema, sai dai ya daina zama shan shayi a kicin. Bayan rikicin 2008 Mista Kolawole ya ce ya gaji, suka sayar da shago suka koma Ogbomoso. Ɗakin cin abincin ya daɗe a rufe, daga baya aka mayar da shi wurin ajiye karyayyun kujeru.