Tsoffin da Suka Ɓata Lissafi

Babban yatsanta na dama ya yi kanta, amma ba wanda ya lura, har uwar da ta haife ta. Matsa robar awon jini ce ta bar mata wannan alama. Shekararta ta ƙarshe a makarantar likitanci ta ƙare ne a wani lungu na asibitin koyarwa, tsakanin tagar karɓar magani da bencin masu jira, tana naɗa wa tsofaffi ƙyallen awo a damtse.

Auta ake ce mata a gida. Babansu mai gyaran janareta ne, hawan jini ya kwantar da shi tana aji biyu, bai sake tashi ba. Tun daga nan ta ƙudurta sai ta zama likitar zuciya. To amma gurbin horon ƙwarewa ba a samunsa da buri kawai. Masu nema sun yi wa guraben yawa, kuma kwamitin zaɓe abin da yake fara tambaya shi ne: me ka bincika, a wace mujalla aka buga?

Nata binciken ba shi da wuyar faɗa. In ana kiran masu hawan jini a waya ana tuna musu shan magani, jinin zai sauka? Ita ke kira, ita ke awo. Har ta san tsohon direban da sai ya gama sa mata albarka kafin ya amsa tambaya, da mai sayar da yadin da ɗanta ya rasu ana tsakiyar aikin, wadda ke ɗaga waya ta yi shiru sai dai numfashi.

Da aka haɗa lissafi, babu wani bambanci. Waɗanda aka kira da waɗanda ba a kira ba, duk kanwar ja ce.

Farfesan da ke duba aikinta ya jawo kwamfutar gabansa, ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan 'yan tsirarun cikin waɗanda kike kira su suka ɓata miki. Jininsu hawa ya yi. Cire su, sakamako zai yi kyau."

"Ranka ya daɗe, ai sun cika duk sharuɗɗan shiga."

"Yarinya, ba wanda zai buga miki 'ba mu ga komai ba' kafin a rufe neman gurbi. Ni dai na faɗa miki."

Ta duba layukan da ya nuna da bayan biro. Direban na ciki. Mai yadin ma na ciki.

A bakin matakala ta haɗu da abokin karatunta da ake yi wa laƙabi da Mujalla, saboda sunansa ya fito a takardun da shi kansa bai karanta ba.

"Malama mai tsoron Allah, me ya faru kike tafiya kamar an aiko ki gaisuwar mutuwa?"

Ta gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe bango.

"To su tsoffin za su kai ki ƙara ne? Ko sun san ma akwai su a ciki? Goge kawai, in kin zama babba kya yi gaskiyarki."

A gida ma ba ta sami mafaka ba. Yayarta, wadda ta bar nata karatun don Auta ta yi, ta saurare ta tana guga.

"Ni ban san bincike ba. Na dai san Umma ta gaya wa duk layin nan 'yarta za ta zama likitar zuciya. Ki yi abin da malaminki ya ce mana, ko kin fi shi sani?"

Auta ba ta iya gardama ba, tun tana ƙarama. Sau da yawa ta buɗe kwamfutar, ta kai yatsa kan layin mai yadin, sai ta ji wannan numfashin a kunnenta. A ƙarshe ta aika wa Farfesa aikin yadda yake, ba ta goge kowa ba. Amsarsa ba tsawo: ba zai sa sunansa ba.

Ranar da aka rufe neman gurbi, ta miƙa fom ɗinta babu takarda ko ɗaya da aka buga. Sakatariyar kwamitin ta juya shafin, ta sake juyawa, ta ɗago.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Anti."

Ba ta san ko za a kira ta ba, ba ta kuma san me za ta ce wa Umma in ba a kira ba. Da ta iso gida hadari ya haɗu. Ta ajiye jaka a bakin ƙofa, ta shiga kwashe shanya daga igiya.