Motar da Na Nutsar a Gurbin Dogo

Ni ɗan Haɗeja ne, haifaffen cikin gari, kuma ban taso da yunwa ba, don haka kada wani ya tausaya mini ya ce talauci ne ya tura ni. Mahaifina yana da gonar gero, yana da shanu a hannun danginsa wajen Birniwa, ya kuma sa ni elementare a zamanin da wasu ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a kai su. Na fito da rubutun hannu mai kyau da ɗan Turancin da zan iya sayar da mutum yana tsaye bai sani ba. Da wannan na samu aikin akawu wurin Alhaji Maina, attajiri mai lori biyu. Yana kai gyaɗa tashar jirgi a Malam Madori, yana kwaso bandar kifi daga Guri. Na koyi tuƙi a hannun direbobinsa, har na karɓi lasisi.

A lokacin ne Turawa suka kafa doka cewa babu motar da za ta hau titi sai da inshora. Alhaji bai iya boko ba, sai ya aike ni Kano wurin wakilin kamfanin. Mutumin ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce mai mota zai riƙa biyan kuɗin shekara, idan haɗari ya auku sai ya nemi diyya. Ya ce inshora iri biyu ce, akwai ƙarama wadda doka ta tilasta, akwai babba wadda ke biyan ɓarnar motarka kai kanka. Da ya fara bayanin ƙaramar, na ji ba ta ba mai mota ko anini, sai na mayar da hankalina kan fankar da ke juyawa a samanmu. Babbar ita na buɗe wa kunne.

Ya gargaɗe ni cewa ba a cin riba da inshora, kamfani yana mayar da kai inda kake ne kafin haɗari, ba ya ƙara maka. Kason farko na kowane gyara kuma yana wuyan mai mota. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, “Duk abin nan a kan gaskiya yake tsaye. Ranar da kuka yi mana ƙarya, yarjejeniya ta mutu.” Na ce masa to. A raina kuwa na ce, kai kana Kano, mota tana fadama, wa zai gaya maka?

Da ƙanana na fara. Direba ya gogi bishiyar kuka ya lotsa gefen mota, sai na haɗa da fitilar da ta fashe tun bara, don a rufe kason nan na farko. Aka biya ba tambaya. Alhaji ya yi dariya har rawaninsa na girgiza, ya ɗinka mini riga. Bayan wannan, duk abin da ya tsufa a jikin mota sai in nemo masa haɗari. Tsohon gilashi, haɗari. Sifirin na ƙasan mota da nauyin kaya ya karya, haɗari. Ba wanda ya koya mini, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, yana da nasa aikin. Daɗi nake ji, daɗin na fi kowa wayo.

Ɗaya daga cikin motocin ta tsufa, jikinta ya ruɓe, amma injinta garau. Alhaji yana son sabuwa. Ni na kawo shawara. Na ce mu jira ruwa ya cika fadama, mu cire inji da tayoyi masu kyau, mu tura gangar jikin cikin ruwa, mu ce ambaliya ta tafi da ita. Ya ce, “Kai akawu, in rani ya yi fa? Ruwa zai janye, ta fito tsirara.” Na ce akwai Gurbin Dogo a hanyar Guri, ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara, kuma na ji direbobi na cewa ba a su a cikinsa.

Nan na yi wautar ɗan birni. Da na ji ba a su, sai na ɗauka aljanu ake tsoro, an bar wurin har abada. Ban tambayi masunci ko ɗaya ba, don ban ga abin da mai warin kifi zai koya mini ba. Ashe Sarkin Ruwa ne ya ba gurbin hutu. Haka suke yi: su rufe gurbi 'yan shekaru kifi ya girma, sannan su sa rana gari da ƙauye su shiga gaba ɗaya. Yaron da ke yawo tsirara a Guri ya san wannan.

Da rana tsaka muka yi aikin, ni da wani makaniki, lokacin da ruwa ya kori kowa daga hanyar. Muka ɗora injin a ɗaya motar, muka tura gangar daga kan wata doguwar gaɓa. Ta yi kumfa ta nutse. Na rubuta wa kamfani cewa ni nake tuƙi, gefen hanya ya zabtare, da ƙyar na tsira da raina. Suka aiko Bature mai duba ɓarna. Na kai shi inda hanya ta ƙare, ya tsaya ya ga ruwa iya ganin ido, agwagi na iyo a kan gonakin mutane. Ya kaɗa kai ya ce ya tausaya mana. Aka biya, Alhaji ya sayo sabuwa fil, ni kuma na yi keke da agogo.

Damina biyu suka wuce har na manta. Wata ranar kasuwa ina tsaye wajen masu banda, sai na ji mai shela yana cewa Sarkin Ruwa na gaishe ku, ranar Asabar za a buɗe Gurbin Dogo, kowa ya zo da homarsa ta kamun kifi da gorarsa. Na san yadda masu nutso ke faɗawa daga kan gaɓa, na kuma san abin da ke kwance a ƙarƙashin gaɓar nan: ƙarfe mai tsatsa, da fallen kan mota da muka yage wajen ciro inji.

Na ruga wurin Alhaji na ce, “Alhaji, za a yi su a Gurbin Dogo.”

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, “To sai me? Ni motata ruwa ya tafi da ita. Kai ka tuƙa, kai ka rubuta, kai ka sa hannu.”

Ku saurara da kyau, don wannan shi ne laifina, sauran duk sharar fage ce. Ina da kwanaki a hannuna. Magana ɗaya zan kai wa Sarkin Ruwa a hana mutane faɗawa ta wajen. Amma maganar nan ita ce za ta kai ni gidan yari. Na riƙa lallashin kaina, wataƙila laka ta binne ta, wataƙila ba wanda zai bi ta can. Ranar Asabar na hau kekena na tafi, ba don in yi magana ba, don in gani da idona cewa na tsira.

Bakin gurbi ya cika maƙil, ana kiɗa, mata na toya ƙosai. Sarkin Ruwa, wani tsoho siriri, yana zaune a tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, kusa har ina jin ƙamshin goron da yake ci. Ya ce, “Malam akawu, kifi ka zo saye?” Na ce, “E, ranka ya daɗe.” Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ya ɗaga hannu, mutane suka auka. Masu gora suka bazu a saman ruwa, masu nutso suka nufi zurfi inda manyan tarwaɗa ke kwanciya. Wani saurayi ƙaƙƙarfa, Bukar sunansa, ya riga kowa hawa doguwar gaɓar. Ya juyo ya yi wa abokansa dariya, ya faɗa. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, ruwan da ke kewaye da shi ya canza launi. Aka jawo shi, cinyarsa ta dama a tsage har ƙashi. Kiɗa ya tsaya. Wasu suka shiga a hankali suna lalube, ɗaya ya ɗago da lambar mota a hannu, ya ce mota ce a ƙasa, kuma babu inji a cikinta. Mutanen wurin sun san lambar, ta sha ɗaukar musu banda. Kafin in kai ga kekena an riƙe ni.

A asibiti aka yanke ƙafar Bukar. A kotu Alhaji ya rantse bai iya karatu ba, bai san abin da akawunsa ke rubutawa ba. Ya mayar wa kamfani abinsu, ya koma gida. Ban musa masa ba, ban kuma yi kuka ba. Majistare ya tambaye ni ko ina da abin cewa, na ce shawarata ce, hannuna ne, a yanke hukunci.

Kafin a tashi, yayan Bukar ya miƙe daga bayan kotu ya ce, “Ranka ya daɗe, an mayar wa kamfani nasa. Ƙafar ƙanina fa, wa zai biya?”

Lauyan kamfani ya yi bayani, tafinta yana juyawa. Ya ce a inshora mai mota shi ne mutum na farko, kamfani na biyu. Duk wanda mota ta cuta alhali ba ya cikin yarjejeniyar, shi ne mutum na uku, kuma ƙaramar inshora don shi doka ta kafa ta. Abin da na ƙi saurara ke nan a Kano. Yayan ya ce, “To ai ƙanina ne na ukun.” Lauya ya ce da mota ta buge shi a kan hanya da inshora mai rai, da an biya shi. Amma wannan ba mota ba ce a kan hanya, ƙarfe ne aka jefar da gangan, yarjejeniyar kuma ƙarya ta kashe ta tuntuni. Babu komai. Yayan Bukar ya daɗe a tsaye bai zauna ba, sai da ɗan doka ya taɓa kafaɗarsa.

Na yi shekaruna a gidan yari, na fasa dutse, na ɗauki bokitin bahaya, ba zan ba ku labarin don ku ji tausayina ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da na fito. Na sauka a tasha, samari suka kewaye ni suna cewa ga gwarzon da ya ci kuɗin Nasara. Wani har ya sayo mini shayi. Na zubar da shi a gabansa. Na ce Nasara bai rasa ko barcin rana ba, ku je Guri ku ga wanda na ci.

Ni ma can na nufa. Na tarar da Bukar a ƙofar gida yana gyaran homar wani, sandarsa a jingine. Na yi sallama, na faɗi ko ni wane ne. Bai ɗago ba.

Ya ce, “An ce kana bakin ruwa ranar.”

Na ce, “Ina wurin.”

“Ka san tana ciki?”

“Na sani.”

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Na ce na zo neman gafara, kuma duk abin da na samu nan gaba rabi nasa ne. Sai ya ɗago ya ce, “Riƙe abinka, ɗan birni. Ƙarfenka yana nan a ciki. Tun ranar ba wanda ya ƙara shiga gurbin, ka kashe wa gari guda abinci. Je ka kwashe kayanka, sannan ka zo mu yi maganar gafara.”

Ban iya nutso ba, sai da na koya, masunta na yi mini dariya ina shan ruwa. Kowace bazara in ruwa ya yi ƙasa sai in shiga da guduma da igiya, in kwance abin da zan iya, a ja da shanu. Ba wanda ya taya ni da farko, daga baya yayan Bukar ya fara riƙe mini igiya. Shekaru na yi ina wannan. Bazarar da na fitar da ƙashin bayan motar, na wanke jikina na nufi gidan Bukar. Na tarar da tabarmi a ƙofa, mutane na zaune. Zazzaɓi ya ɗauke shi. Na tambayi yayansa ko ya bar mini magana. Ya ce bai bari ba.

Yau ana su a Gurbin Dogo, ni kuma tsoho ne mai facin taya a tasha. Ku kira ni tsohon fursuna, ko a jikina, na yi, na biya abin da kotu ta ce. Na tuba ga Allah, ina kuma sa rai da rahamarsa. Amma hakkin Bukar ban san inda ya kwana ba, kuma a haka zan tafi in same shi.

Ku samari masu yawo da takardun mota, ina ganinku, ina jin kuna cewa kamfani ba mutum ba ne, cutarsa ba zunubi. Na riga ku faɗa, kuma na fi ku iya faɗa. Ku yi inshora ta gaske, ku faɗi haɗari yadda ya auku, kada ku ƙara ko fitila ɗaya. In kuwa kun riga kun jefa wani abu a ruwa, to ku buɗe baki tun mutane suna kan gaɓa.