Itacen Baba Ilu

Ranar wata Alhamis da hantsi, shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato firamare, rishon gaz ɗinmu ya ƙi kamawa. Baƙin Abba na hanya daga Gouna, shinkafa na jiƙe a kwano, Abba kuwa na durƙushe a tsakar gidanmu na Birni yana ta ƙyasta ashana. Ya jijjiga butelin gaz ɗin ya ji da nauyi. Ya shafa wa tiyo ruwan sabulu ko zai ga kumfa, bai ga komai ba. Ya karɓi allurar Inna yana tsokalar ƴar ƙofar da wuta ke fitowa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Inna ta dube ni ta ce, "Hadiza, ruga ki nemo Baba Ilu."

Baba Ilu tsoho ne daga Gaffati mai kawo mana itace a kan jaki tun kafin in yi wayo, kuma bai taɓa zuwa babu goruba a aljihu domina ba. Ranar da aka sayo gaz ni aka aika in sallame shi, na tsaya a zaure ina taƙama na ce, "Mu yanzu mun daina hayaƙi." Ya yi murmushi, ya miƙo min gorubata, ya kaɗa jakinsa.

Na same shi a bakin kasuwa da ɗaurin itace ƴan kaɗan a gabansa. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗora ɗaya a ka ya biyo ni. Na ce, "Baba, ina jakin?" Ya ce, "Na rabu da shi, ƴata. Gidajen da nake kai wa sun ragu." Har muka iso ban iya waiwayawa ba, ina dai jin numfashinsa a bayana.

Yana sauke itacen a zaure na hango wuta shuɗiya ta tashi a tsakar gida; allurar ta yi aiki. Inna ta yi wuf ta kashe, ta janyo tabarma ta kare rishon kada Baba Ilu ya gani, ta haɗa murhu. Da itace ta yi girkin ranar, idanunta na ruwa.

Yau a ɗakin girkina maɓalli kawai nake murzawa, babu toka, babu tari. Ban san ƙarshen Baba Ilu ba, don babu wanda ya je Gaffati ya tambaya. Ni ma ban je ba.